Maganin barin taba da likita ya ambata mini: shin ya dace da mai hawan jini?

Akawu daga Zariya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar magani da kuma waɗanda suka taɓa bin wannan hanya. Shekaruna sun haura 40, kuma tun ina makarantar sakandare nake shan taba sigari. A yanzu nakan sha kusan kwali ɗaya a rana, kuma karan farko nakan kunna shi ne da zarar na dawo daga sallar asuba, tun kafin in sa komai a bakina. Na sha yunƙurin bari da ƙarfin hali kawai, amma da an kwana biyu sai raina ya riƙa ɓaci babu dalili, barci ya ƙaurace mini, lissafin ofis ya riƙa kuɓucewa, har mutanen gidana su fara kaffa-kaffa da ni.

Kwanan baya aka tabbatar mini da hawan jini. Likitan da ya ɗora ni a kan magani ya ce barin taba ya fi duk ƙwayoyin da zai rubuta mini muhimmanci, ya ambaci magunguna biyu, varenicline da bupropion, sannan ya ce in yi gwajin ƙoda in dawo mu tsai da shawara. Da na duba intanet sai na ga abubuwa biyu da suka tayar mini da hankali: an ce varenicline yana sa wasu tunanin kashe kansu, kuma an ce an taɓa janye shi daga kasuwa saboda wani sinadari mai jawo ciwon daji. Akwai kuma wata magana da ba ta taso ba a ganawarmu da likita. Shekarun baya na yi hatsarin babur na bugu a ka, kuma aka ce na yi jijjiga a gadon asibiti, ko da yake ba ta sake dawowa ba. Shin wannan yana da alaƙa da zaɓin magani? Kuma idan azumi ya riske ni ina cikin sha, yaya zan yi?

Mai harhaɗa magunguna ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya. Zan fara da abin da ka ajiye a ƙarshe, domin shi ne ya fi nauyi a cikin duk abin da ka rubuta. Maganar buguwa a ka da jijjigar da ta biyo baya wajibi ne likitanka ya ji ta kafin ya rubuta komai. Bupropion, wanda aka fara yinsa a matsayin maganin ciwon damuwa kafin a amince da shi don barin taba a Amurka a 1997 da sunan Zyban, yana sauƙaƙa wa ƙwaƙwalwa faɗawa cikin jijjiga. A cikin mutanen da ba su da wani tarihi, kusan mutum 1 cikin 1,000 ne abin yake samu, amma ga mai farfaɗiya ko wanda ya taɓa yin jijjiga, ƙa'ida ita ce ba a ba shi kwata-kwata. Ƙari a kan haka yana iya ɗaga hawan jini, wanda kai ma kake fama da shi. Hatsarin yana ƙaruwa idan aka haɗa shi da tramadol, ko wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro irin su kulorokwin, ko maganin asma da ake kira theophylline, kuma a ƙasarmu da mutum zai shiga kemis ya sayi waɗannan ba tare da takarda ba, wannan gargaɗi ba na wasa ba ne. A ganina bupropion ya fita daga lissafinka, amma hukuncin na likitan da ya duba ka ne.

Varenicline kuwa, wanda kamfanin Pfizer ya fitar a 2006 da sunan Champix, a Amurka kuma Chantix, aikinsa daban ne. Nikotin ɗin da ke cikin taba yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu kaɗan bayan zuƙa, ya manne a wasu gurabe na musamman, ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin dofamin, mutum ya ji daɗi da natsuwa. Bayan kamar awa 2 rabin nikotin ɗin ya fita daga jini, sai jiki ya nemi ƙari. Varenicline yana zama a waɗannan gurabe kamar fasinjan da ya riga kowa shiga mota ya kama kujerar gaba: yana sa a saki dofamin kaɗan yadda ƙishirwar taba za ta yi sauƙi, kuma idan mutum ya zuƙi taba a kansa, nikotin ba ya samun wurin zama, sai tabar ta yi masa salam. Akan fara shi mako guda kafin ranar da aka tsayar don bari, da miligiram 0.5 sau ɗaya a rana na kwana 3, sannan 0.5 safe da yamma har cikar mako, daga nan miligiram 1 safe da yamma har mako 12. Ta ƙoda jiki yake fitar da shi, shi ya sa likitanka ya nemi gwaji, domin mai raunin ƙoda sosai akan rage masa. Shi ma varenicline takardarsa tana ɗauke da gargaɗin a yi hattara ga wanda ya taɓa yin jijjiga. Ba haramci ba ne irin na bupropion, amma yana buƙatar likita ya auna.

Abin da ka karanta game da tunanin kashe kai yana da asali. A 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa babban gargaɗi a kwalin varenicline da bupropion bayan rahotannin canjin hali da ta samu. Daga baya aka yi wani babban bincike mai suna EAGLES a kan mutum fiye da 8,000, kusan rabinsu masu tarihin larurar ƙwaƙwalwa, aka kwatanta magungunan biyu da filastar nikotin da ake mannawa a fata da kuma ƙwayar da babu magani a cikinta. Sakamakon da aka fitar a 2016 bai nuna wani ƙarin hatsari na a-zo-a-gani ba, kuma varenicline ne ya fi sauran kai mutane ga bari. A ƙarshen wannan shekara FDA ta cire babban gargaɗin. Duk da haka muna gaya wa kowa cewa idan ya ji baƙin ciki mai tsanani, ko fushi da ba halinsa ba, ko mugun tunani, ya dakatar da maganin ya koma asibiti a ranar, kuma ya kamata matarsa ko wani na kusa ya san yana sha, domin na gefe ya fi saurin ganin canji.

Janyewar kuma ta faru ne a 2021, lokacin da aka gano wani sinadari daga dangin nitrosamine ya wuce ƙima a cikin ƙwayoyin kamfanin Pfizer. Matsalar ta sarrafawa ce, kuma wasu kamfanoni sun ci gaba da yin maganin da sunansa na asali, wato varenicline. Hayaƙin taba kansa yana ɗauke da dangin wannan sinadari, a cikin kusan sinadarai 70 da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. A wannan shekara ta 2021 ne ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa varenicline da bupropion a jerin muhimman magungunanta, kuma a 2024 ta fitar da jagorar jinyar masu barin taba, inda ta ambaci waɗannan biyu da magungunan maye gurbin nikotin irin su filasta da cingam, da kuma cytisine, wani tsohon magani da ake amfani da shi a gabashin Turai tun shekarun 1960.

Akwai hanya ta uku da ban ga ka ambata ba, kuma ga mai tarihi irin naka wataƙila ita likita zai fara dubawa: filastar nikotin da ake mannawa a fata, haɗe da cingam ɗin nikotin. Filasta tana sakin nikotin a hankali yini guda, mai shan kwali a rana akan fara masa da miligiram 21, a sauko 14, a sauko 7, cingam kuma yana tare ƙishirwar da ke tasowa kwatsam. Haɗa biyun ya fi amfani da ɗaya kawai, kuma sakamakonsa yana kusa da na varenicline. Ba kowane kemis ne ke ajiye waɗannan magunguna ba, saboda haka ka nemi babban kantin magani mai rajista ko na asibitin koyarwa, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma kada ka karɓi ƙwayoyin da aka ƙirgo maka a leda babu kwali.

Tsohon mashayi daga Kano ya amsa:

Ɗan'uwa, ni da varenicline na bari, kuma zan gaya maka abin da na gani, ba tare da na ce haka zai kasance gare ka ba, tunda ni ban da tarihin jijjiga. A makon farko likita ya ce in ci gaba da shan tabata yadda na saba. Wajen ƙarshen makon na lura ina kunna kara, in zuƙa sau kaɗan, in ga ya ƙone a hannuna ina wani tunani. Ɗanɗanon yana nan, warin yana nan, amma wannan sanyin da ke sauka a ƙirji da zuƙar farko ya tafi. Da ranar bari ta zo, ban ji kamar an ƙwace mini wani abu mai daraja ba.

Abin da ya wahalar da ni shi ne tashin zuciya. Idan na haɗiyi ƙwayar da shayi kawai, ba a jima ba sai miyau ya cika mini baki, in zauna a bakin gado ina jiran abin ya wuce. Da na koma shan ta bayan na ci abinci sosai, da cikakken kofin ruwa, sai ya ragu ƙwarai. Sai kuma mafarkai masu tsawo da haske, waɗanda mutum zai farka yana tuna kowane lungu na cikinsu. Likita ya ce in riƙa shan ta yamma da abincin magariba maimakon dab da kwanciya, kuma hakan ya taimaka.

Amma inda nake so ka sa hankali shi ne abin da maganin bai yi mini ba. Ya kashe ƙishirwar da ke cikin jiki, bai taɓa sabon da ke hannu da ƙafa ba. Bayan cin tuwon dare hannuna yakan tafi aljihun gaban riga da kansa yana laluben ashana. Idan na wuce teburin mai shayin unguwarmu, inda mai tireda na gefe ya san irin tabata har yakan miƙo kara tun kafin in yi magana, ƙafata takan rage sauri. Dole na daina zama a wannan majalisa na wani lokaci, na canza hanyar komawa gida, na sa asuwaki a aljihun da kwali yake zama. Idan abin ya taso nakan tashi in yi alwala ko in taka zuwa bakin titi in dawo, domin na gane ba ya wuce 'yan mintuna sai ya lafa. Wani abokina da muka fara tare ya ji sauƙi bayan wata guda, ya ga kuɗin maganin ya yi masa yawa, ya ajiye. Ba a daɗe ba ya koma. Idan za ka fara, ka yi lissafin kuɗin mako 12 gaba ɗaya tun farko, ka kwatanta da abin da kake kashewa a kwali kullum, tunda kai akawu ne.

Dattijo mai ritaya ya amsa:

Yaro, Allah ya ba ka ikon bari. Ni dai ina da ja a kan wannan hanya. Mun sha taba tun zamanin da ake tallarta a rediyo da allunan bakin titi, kuma da yawa daga cikin tsararrakina mun bari ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba. Ni a watan Ramadan na ajiye. Na ce wa kaina, wanda ya iya haƙura daga asuba zuwa faɗuwar rana saboda Allah, zai iya haƙura daga magariba zuwa asuba. Na sha wuya a goman farko, na yi ta addu'a, kuma har yau ban koma ba. Ina tsoron a ce mutum ya bar wani abu mai kama jiki ya koma wa wani. Wanda ya manna nikotin a fatarsa ko yake tauna shi, me ya bari? Kuma maganin da ake cewa a sa maka ido kada hankalinka ya canza, ni ban ga dalilin kusantarsa ba, alhali niyya da tawakkali suna nan.

Ma'aikaciyar jinya daga Kaduna ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, kuma ya saka da alheri a kan wannan misali. Babu mai musun cewa niyya ita ce tushe, domin babu maganin da zai bar wa mutum taba idan shi bai yi nufi ba. Sai dai ina neman izini in kawo abin da muke gani a wurin aiki. A cikin mutum 100 da suka yi yunƙurin bari da ƙarfin hali kaɗai, waɗanda ke kai shekara ba su koma ba ba su cika wuce 5 ba. Baba yana cikin waɗannan, amma sauran ba ma jin labarinsu, domin wanda ya koma ba ya fitowa ya ba da labari. Magani yana ninka damar nasara sau biyu ko fiye, kuma idan aka haɗa shi da zaman shawara da ma'aikacin lafiya, damar tana ƙaruwa. Mai tambayar nan ya riga ya gwada hanyar Baba ba sau ɗaya ba, kuma mutumin da ke kunna taba da farkawarsa yana cikin waɗanda nikotin ya fi kamawa.

Game da filasta da cingam, abin da ke kashe mashayi mafi yawa hayaƙi ne: kwalta da iskar kabon monoksaid da sauran gubar da ƙonewa ke haifarwa. Nikotin shi ne igiyar da ke ɗaure mutum ga hayaƙin. Filasta tana ba da shi a hankali, ba tare da bugun nan na gaggawa da ke sa kamu ba, kuma ana rage shi mataki-mataki har a daina cikin wata 2 zuwa 3. Varenicline kuwa babu nikotin a cikinsa ko kaɗan.

Malam mai tambaya, akwai abin da ba a cika faɗa ba. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa narkar da wasu abubuwa da sauri, saboda haka idan mutum ya bari, sai su daɗe a jininsa fiye da da. Kafeyin da ke cikin goro da kofi da shayi yana cikinsu. Mutum zai bar taba ya ƙara cin goro don ya ɗebe kewa, sai bugun zuciya da rashin barci su addabe shi, ya ɗora laifin a kan magani, alhali goron da ya saba ci ne ya yi masa yawa a yanzu. Ka rage shi a makonnin farko. Haka abin yake ga theophylline da wasu magungunan taɓin hankali irin su clozapine da olanzapine, kuma mai ciwon suga da ke allurar insulin shi ma yana buƙatar a sake duba masa. Ka tafi wurin likita da duk magungunan da kake sha a cikin jaka, har da na gargajiya. Ka riƙa auna jininka a kai a kai, kuma idan aka ba ka varenicline kada ka yi doguwar tuƙi sai ka ga yadda jikinka ya karɓe shi, domin yana sa wasu jiri ko gyangyaɗi. Cin abinci zai ƙaru, kuma yawancin masu bari sukan ƙara 'yan kilo a shekarar farko, to ka kiyayi cike gurbin da alewa da lemon kwalba.

Maganar azumi kuwa, ƙwayar da ake sha sau biyu a rana tana iya dacewa da sahur da buɗa-baki, muddin an ci abinci kafin a sha, amma likita ne zai tsara maka lokutan. Cingam ba ya yiwuwa da rana. Hukuncin filasta da ake mannawa a fata kuma ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa. A nan na yarda da Baba cewa Ramadan lokaci ne mai kyau, sai dai inda masu bari suke faɗuwa shi ne mintunan da ke bin buɗa-baki, lokacin da wasu ke kunna kara biyu a jere tun kafin su yi salla. Idan ka fara magani makonni kafin watan ya kama, za ka shiga azumi mafi tsananin wahalar ta wuce, domin alamomin rashin nikotin sun fi ƙarfi a makon farko, kuma yawancinsu suna lafawa cikin mako 2 zuwa 4.

Akawu daga Zariya ya sake rubutawa:

Na gode muku gaba ɗaya, Baba na gode da addu'a. Na koma asibiti na gaya wa likita maganar hatsarin. Nan take ya cire bupropion, ya ce gwajin ƙodata lafiya lau, amma saboda jijjigar ya fi son mu fara da filasta da cingam, idan ba su wadatar ba zai tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kafin a yi maganar varenicline. Na samo su, sai dai na gwada cingam ɗin sau ɗaya ya ƙona mini maƙogwaro ya sa ni shaƙuwa. Haka yake, ko kuwa bai karɓe ni ba ne?

Mai harhaɗa magunguna ya sake amsawa:

Malam, alama ce ta cewa ka tauna shi kamar cingam na yara. Idan aka tauna da sauri, nikotin yana fita da yawa lokaci guda, ya bi miyau zuwa ciki, shi ne ke kawo shaƙuwa da ƙwarnafi, kuma wanda aka haɗiye ba ya amfanar da komai sosai, domin ta fatar cikin baki ake so ya shiga jini. Ka tauna a hankali har ka ji ɗan yaji, sannan ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi. Idan yajin ya ɓace ka sake taunawa kaɗan ka mayar, haka har kusan minti 30. Kada ka sha shayi ko kofi ko lemo minti 15 kafin ka sa shi da kuma lokacin da yake bakinka, domin tsami yana hana shi shiga. Filasta kuma ka manna ta da safe a busasshiyar fata marar gashi, a damtse ko ƙirji ko baya, kana canza wuri kullum don kada fatar ta yi ja, kuma idan ta hana ka barci ko ta kawo mafarkai, ka tambayi likita ko za ka riƙa cire ta kafin kwanciya. Wadda ka cire ka naɗe ta gefen gam ya haɗe, ka jefar inda yara ba za su kai ba, saboda sauran nikotin da ke jikinta yana iya cutar da ƙaramin yaro. Idan kuma wata rana ka zame ka sha kara ɗaya, kada ka cire filastar, ka ci gaba da ita, ka faɗa wa likita a ganawarku ta gaba domin ya duba ko ma'aunin da aka ba ka ya yi kaɗan.